Rasuwar Baba Huci, Wanda Ya Shaƙe a Cikin Leshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu tsami saboda matsa jakar ba da numfashi, mu ma'aikatan ɗakin masu ciwo mai tsanani muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da sauran ma'aikatan wannan asibiti, musamman waɗanda ofisoshinsu ke da labule da firji, rasuwar dattijonmu kuma abokin aikinmu, injin numfashinmu ɗaya tilo, wanda aka fi sani da Baba Huci. Rai ya yi halinsa yau da hantsi, a bakin aiki, a gefen gadon da ke jikin taga, yana tsaka da hura wa wani bawan Allah iska. Ba za mu ce Allah ya jiƙansa ba, domin ƙarfe ne da roba. Mu dai Allah ya jiƙanmu.

Babu wanda ya san shekarun marigayin. Babbar Nas, wadda duk muke kira Anti, ta ce ranar da ta fara aiki a nan ta tarar da shi da furfurarsa. Injiniyan asibiti ya ce kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da komawa sayar da wani abu dabam. Tayarsa guda ta karye tun ba a haifi wasunmu ba, aka tokare shi da kwalin magani, kwalin ya ruɓe aka sake wani, shi dai yana tsaye.

Dattijo ne mai kamun kai. Bai taɓa shiga yajin aiki ba, bai taɓa neman hutu ko canjin wurin aiki ba, bai taɓa tafiya taron ƙara wa juna sani ya dawo da jaka da ƙiba ba. Maganarsa ba ta wuce guda biyu. In lafiya lau, sai ka ji “fuuu… tss, fuuu… tss”, a natse, kamar mai lallashin jariri. In wani abu ya ɓaci, sai ya ɗaga murya: “tit-tit-tit-tit!” A iya sanina bai taɓa yin wannan kukan a banza ba. A iya sanina kuma ba a taɓa amsa masa ba tare da an ja tsaki ba.

Tunda mutane da yawa za su zo gaisuwa ba su san aikin mamacin ba, har da waɗanda suka shekara suna rataye jakunkunansu a kafaɗarsa, ya wajaba a faɗi sana'arsa.

Huhu da zuciya ɗaki guda suke haya, wato ƙirji, kuma ɗakin ba shi da faɗi. Abin da ya sami ɗaya sai ya taɓa ɗayan. Mai lafiya in ya ja numfashi, ƙirjinsa buɗewa yake yi, ya zuƙo iska daga waje, ya kuma zuƙo jini daga sassan jiki ya dawo da shi zuciya. Aiki biyu a ja guda. Shi kuwa inji ba ya zuƙa, turawa yake yi. Yana cusa iska da ƙarfi, huhu ya kumbura, ya danne maƙwabciyarsa tare da manyan jijiyoyin da ke kawo mata jini. Jinin da ke dawowa sai ya ragu, zuciya kuwa ba ta iya fitar da abin da bai shigo ba. Saboda haka wanda gudawa ta tsotse, ko wadda ta zubar da jini wurin haihuwa, in ka matsa musu iska da yawa, ƙirji zai yi ta hawa da sauka gwanin kyau, jini kuma yana faɗuwa ƙasa warwas.

Amma akwai mara lafiyan da wannan dannawar rahama ce gare shi. Shi ne wanda zuciyarsa ta gaji, jini ya yi cincirindo a ƙofarta ta kasa sallamarsa, har ruwa ya koma ya kwanta a huhu. Ga irin wannan, inji yana rage cunkoson, yana tallafa wa zuciya wajen turawa, yana riƙe huhu a buɗe ko bayan an fitar da numfashi, ya kuma ɗauke masa wahalar haki, wadda ita kanta aiki ce mai cin jini. Huci ɗaya ne, wani ya tashe shi, wani ya kwantar da shi. Shi ya sa waɗanda suka ƙera marigayin suka yi masa maɓalli a goshi, don a murɗa, a ƙara wa wannan, a rage wa wancan. Wannan ba sirri ba ne. Yana cikin littafin da duk muka karanta muka ci jarrabawa, aka ɗauke mu hoto da hula.

A nan ne za mu ambaci mafi girman halayen marigayin, wato haƙuri. Shekaru masu yawa da suka wuce, wani babban likita ya murɗa maɓallin nan zuwa sama saboda wani mai ciwon zuciya, ya manna filasta a kai don kada a taɓa kafin ya dawo daga cin abinci. Mara lafiyan ya warke ya tafi gida. Likitan ya yi ritaya, ya yi jikoki. Filastar tana nan. In ta tsufa ta fara ɓanɓarewa, sai a manna sabuwa a kanta cikin ladabi, har goshin Baba ya yi tudu kamar mai yawan sujada. Babba da yaro, busasshe da kumburarre, duk wanda aka kawo, ma'auni ɗaya ake hura masa, kamar tela mai ɗinka wa gari guda riga da awon mutum ɗaya.

Na taɓa kai hannu zan ɓare filastar. Anti ta buge shi.

“Likita, yaushe ka zo? Haka muka tarar da shi.”

“Anti, matar nan a bushe take, iskar ta yi mata yawa.”

“Wanda ya sa filastar nan, kai ko jakarsa ba ka isa ka ɗauka ba.”

Haka muka tarar! Da ana rubuta wannan kalma a takardar shaidar mutuwa, da ta fi zazzaɓi yawa.

To, in jinin mara lafiya ya faɗi fa? Ɗakinmu yana da tsari a kan wannan. Da farko a harari na'urar awon jini. In lambar ba ta gyaru ba, a kai mata mari a ƙeya. In ta yi taurin kai, a cire ɗamarar daga wannan hannu a mayar wancan, a ce dama na'urar nan ƙarya gare ta. Daga nan a rataya ledar ruwa, jinin ya ɗan farfaɗo, kowa ya ce ka gani, marin ya yi aiki. Baba Huci yana kallo, yana “fuuu… tss”, bai taɓa tona kowa ba.

Allah cikin ikonsa bai ɗauke marigayin ba sai da ya nuna masa ranar farin ciki. A makon nan aka kawo mana wani mai faci, magidanci, wanda ke da rumfa a bakin titi inda yake like tayoyi yana ba su iska. Zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura, yana numfashi kamar mai kurkure baki, kumfa na fitowa. Muka haɗa shi da Baba. Jama'a, sai ga shi ma'aunin da ke ƙarƙashin filastar nan, wanda ya yi shekaru yana wahalar da bayin Allah, shi ne daidai da wannan mutum, kamar don shi aka ajiye. Kumfa ta janye. Leɓɓansa suka dawo da launinsu. Jininsa ya tsaya cak, na'urar awo ta yini ba a mare ta ba. Matarsa, wadda ke zaune a kan benci a bakin ƙofa da buta da ɗan bargonta, ta leƙo ta ce, “Likita, wannan tsohon naku, Allah ya biya shi.” Anti ta dube ni ta gefen ido ta ce, “Mai son ɓare filasta, ina kwana?” Mun soma maganar cewa nan da ɗan lokaci kaɗan zuciyar za ta huta, magani ya kama, a yaye shi daga inji.

Sai ciwon ajali ya zo, kuma ta ofis ya biyo.

Sanin kowa ne marigayin yana da ƙane. Sabon inji ne dal, wanda aka kawo tun bara, yana cikin kwalinsa a sito, an ɗaure kwalin da jan ƙyalle, ana jiran babban baƙo ya zo ya yanka a tafa. Jiya aka ce yau baƙon zai zo, kuma zai zaga ɗakuna. Asibiti ya tashi tsaye. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti. Aka aro tukwanen fulawa aka jera a baranda. Aka kori masu jinya daga inuwa don kada su ɓata hoto. Anti ta dubi Baba Huci, ta ga tsatsa, ta ga tudun filasta, ta ga kwalin da ke tokare da shi, zuciyarta ta karye. Ta je gida ta ciro leshinta mai ruwan zuma, wanda ta ci bikin 'yarta da shi, ta ɗinka masa riga har ƙasa, ta yi mata shafi da leda daga ciki saboda ƙura, ta tsuke ta da zariya ta baya. Don kada kuma ya yi wa baƙo rashin kunya da “tit-tit” ɗinsa, aka cusa masa auduga a maƙogwaro, aka bi da filasta.

Marigayin ta baya yake shaƙar iska. Nan hancinsa yake, nan fankar da ke sanyaya shi take. Wanda aikinsa ke nan ya ba mutane numfashi, ba a taɓa tambaya ba shi ta ina yake samun nasa.

Waɗanda suke wurin sun ce ya yi kyau ƙwarai. Har hoto aka ɗauka da shi. Sun ce daga baya muryarsa ta sauya, “fuu… fuu… ƙrr”, aka ce sabon kaya ne bai saba ba. Sun ce an ji ƙauri, aka leƙa ta taga ana zagin masu ƙona shara. Ya yi kuka iya ƙarfinsa a cikin auduga, abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Ina sashen gaggawa aka kira ni. Na tarar da leshi ya yi zafi kamar an sauke shi daga guga, ƙirjin mai faci ya tsaya, matarsa tana salati a bakin ƙofa. Muka fizge tiyon injin, muka haɗa jakar roba ta ba da numfashi, aka shiga matsawa da hannu. Injiniya ya zo, ya ɗaga rigar, ya shinshina, ya sauke ta a hankali ya ce, “Sai haƙuri.”

Ana cikin haka aka aiko cewa baƙo ya ɗage zuwansa. Wani gini aka gayyace shi buɗewa.

Tun daga lokacin hannu ne ke riƙe da ran mai faci. Mu ne muke karɓa-karɓa, har hannuwa suka gaza. Ƙaninsa, wani ƙato mai sauke buhuna a kasuwa, ya ture ni gefe.

“Likita, ba ni nan. Yayana ba zai rasa iska ina tsaye ba.”

Ya kama jakar da hannu biyu ya shiga matsa ta da sauri, da dukkan ƙaunar da ke cikinsa, wata iskar ba ta fita ba ya cusa wata. Ƙirji ya cika ya yi tam. Lambar jini ta soma gangarowa. Wata nas ta ɗaga hannu za ta kai wa na'urar awo mari, na riƙe wuyan hannunta.

“Ɗan'uwa, sassauta. Yayanka ne ke faci, ba shi ne tayar ba. Matsa, ka saki, ka jira ta fita. Kana danne masa zuciya.”

“Ni? Ni da nake taimakonsa?”

Matar ta leƙo daga ƙofa, ido jawur, ta ce, “Kai dama ba ka san kaɗan ba. Ko a kwanon abincinsa haka kake taimaka masa.”

Ƙaton ya yi dariya, hawaye na zuba, ya sassauta. Muna tsaye lambar ta hau da kanta, ba mari, ba ledar ruwa. Nas ɗin ta dubi hannunta, ta dubi na'urar, ta ce, “Ashe gaskiya take faɗa.”

Sai dai hannu ba inji ba ne. Jakarmu tana tura iska, amma da an sake ta huhu sai ya rufe, ba ta iya riƙe shi a buɗe yadda marigayin ke yi. Ruwan da Baba ya kora yana dawowa. Kumfa ta soma leƙowa a tiyo, leɓɓan mai faci sun soma duhu, zuciyarsa tana gudu kamar an biyo ta. Ba zai kai lokacin da baƙo zai sami sarari ba.

Na hau bene wurin Shugaban asibiti. Na same shi da babbar rigar da ya sa don baƙo, yana cire ta cikin takaici.

“Ranka ya daɗe, a ba mu sabon injin.”

“Likita, ka cika zafin kai. Komai da tsarinsa. In muka buɗe kwalin nan, baƙo ya zo ya buɗe me?”

“Ranka ya daɗe, mutum ne a kan gado.”

“To ba an ce kuna matsa masa ba? Ku ci gaba, kuna ƙoƙari. Za a kafa kwamiti.”

Muna godiya da wannan ta'aziyya, kuma mun yi dogon tunani a kan tambayarsa, domin tambaya ce mai nauyi.

Marigayin ya rasu ya bar iyali masu yawa. Akwai aminiyarsa, na'urar awon jini, wadda ta sha mari a madadinsa tsawon zamansu ba ta taɓa kai ƙara ba. Akwai tukunyar oksijin, matarsa ta lalle, wadda yanzu take takaba a kusurwa. Akwai injin zuƙe majina, ɗan'uwansa na jini, shi ma yana fama da tari. Akwai janareta, abokin faɗansa, wanda ya sha yanke masa magana a tsakiya. Ya bar kwalin da ke tokare da shi, wanda yau ya huta. Ya bar mutane da dama da ke yawo a gari da ƙafafunsu, ba su san sunansa ba. Ya bar ƙanensa a sito, ɗaure da jan ƙyalle. Ya kuma bar maraya guda a gadon jikin taga, mai 'ya'ya da rumfa, wanda saboda shi aka rubuta wannan sanarwa.

Anti ce ta yi wa marigayin wanka, ta ce ba wanda zai taɓa shi sai ita. Ita ce kuma ta fi kowa daɗewa a kan jaka yau, har yatsunta suka ƙage. Tana tuɓe masa leshin tana cewa, “Ni fa don in rufa masa asiri na yi. Wallahi don in rufa masa asiri.” Ta zare audugar daga maƙogwaronsa. Da ta zo goshi ta tsaya, ta daɗe, sannan ta sa farce ta ɓare filastar, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ta asali, wadda ta zama baƙa. Ta kama maɓallin ta murɗa. Ya juya sumul, hagu da dama, ba ko ƙara.

“Likita,” in ji ta, “ashe yana murɗuwa.”

Ta buɗe jakarta ta ciro almakashin da ta yanka leshin da shi, ta ajiye a kan tebur.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Tunda ba a jinkirta gawa, za a ɗauke ta yau da an idar da sallar azahar, daga ɗakinmu, a bi ta dogon baranda, a wuce tukwanen fulawa, a tsaya a ƙofar sito. Mai Sito ya sanar da iyalan mamaci cewa an hana shi ba da makulli, kuma shi mutum ne mai bin doka, ba zai bayar ba. Ya ƙara da cewa makullin yana rataye a ƙusar jikin tagarsa, shi kuma yau yana da niyyar tsawaita addu'a.

Matar mai faci ce za ta yanka jan ƙyallen, da almakashin Anti. Ta ce ba ta taɓa buɗe komai ba sai ƙofar gidanta, muka ce ya isa. Ba jawabi, ba tafi. Ƙanin mijinta zai sungumi sabon injin zuwa gadon jikin taga, an kuma roƙe shi ya yi a hankali. Injiniya zai haɗa, za a murɗa maɓallin daidai da zuciyar mai shi, gobe in ta canza a sake murɗawa.

Ba a karɓar gaisuwa da baki. Duk wanda ya zo ta'aziyya kafin lokacin, ya wanke hannu ya karɓi jaka: ya matsa, ya saki, ya jira ta fita. An keɓe wa Shugaban asibiti layin farko. Wanda kuma aka kama da filasta ko auduga kusa da sabon injin, za a haɗa shi da gawar.

Daga nan za a sa marigayin a makwancinsa, wato kwalin da ƙanensa ya fito. Za a mayar masa da leshinsa mai ruwan zuma, a rufe kwalin, a ƙulla jan ƙyallen yadda yake, a mayar da makulli kan ƙusa. Ranka ya daɗe ya tambaya, in baƙo ya zo ya buɗe me. To, ga abin da zai buɗe. Muna roƙon a zo da masu hoto.

Sanarwa daga ƙaramin likitan ɗakin, a madadin Anti, da na'urar awon jini, da sauran iyalan mamaci.